Wata uku ba a ga ƙasa ba: tambayoyi da amsoshi kan rayuwa a jiragen alkama masu tafiya da iska

Kafin inji ya mamaye teku, iska ce take tuƙa manyan jiragen ruwa. Ana kafa dogayen jiguna a tsakiyar jirgi, a ɗaura musu manyan zannuwa masu kauri da ake kira filafilai, iska ta cika su ta tura jirgin gaba. Ragowar ƙarshe na irin waɗannan jirage da suka yi dakon kaya mai nisa su ne masu ɗauko alkama daga kudancin Ostireliya zuwa Turai tsakanin shekarun 1920 da 1949. Amsoshin da ke ƙasa a kan tafiyarsu ta komawa gida suke, da yadda mutanen ciki suke ci, suke barci, suke aiki.

Daga ina zuwa ina ake wannan tafiya?

Jiragen suna barin Turai wajen watan Satumba ko Oktoba, galibi ba kaya a ciki sai yashi da duwatsu da ake zubawa don su danne jirgin kada iska ta kifar da shi. Su gangara Tekun Atilantika, su zagaye kudancin Afirka, su isa Ostireliya daidai lokacin girbin alkama, wato Disamba da Janairu. Ana yin lodi a ƙananan tashoshin mashigin Spencer irin su Port Victoria da Port Germein da Port Lincoln. A Port Victoria jirgi ba ya matsowa gaɓa. Anka yake jefawa a can nesa, ƙananan jirage su riƙa kawo masa buhuna, shi ya sa lodin tan 4,000 ko fiye yakan ci makonni. Daga nan sai a nufi gabas, a ratsa kudancin Tekun Fasifik, a zagaye Cape Horn da ke ƙarshen Amurka ta Kudu, a hau Atilantika har Ingila. Duk shekara jirgin zagaye duniya yake yi cur.

Jiragen inji sun daɗe da fitowa a lokacin. Me ya sa wasu suka tsaya ga iska?

Lissafin kuɗi ne. An buɗe mashigin Suez a 1869, na Panama kuma a 1914, jiragen tururi suka ƙwace duk wani kaya mai gaggawa. Ita kuwa alkama ba ta gaggawa, ba ta lalacewa da wuri, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙin ta daɗe a hanya domin jirgin ya zame masa rumbun ajiya na kyauta. Iska ba a sayenta, kwal kuwa da tsada.

Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Gustaf Erikson, mutumin Mariehamn a tsibiran Åland na ƙasar Finlan. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙa sayen manyan jiragen ƙarfe masu filafilai da araha, lokacin da masu su suke neman kai da su. Ya rage yawan ma'aikata iya ragewa, kuma yawancin jiragensa bai yi musu inshora ba. Duk abin da za ka karanta nan gaba game da ƙarancin barci da ƙarancin ruwa da yawan aiki, asalinsa daga wannan lissafin yake. Jirgin ba zai ci riba ba sai an matse, kuma a jikin ma'aikata matsin yake ƙarewa.

Me ya sa ba a komawa ta hanyar da aka zo?

Domin a can kudancin duniya, daga layi na 40 zuwa ƙasa, wato digiri 40 kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, iska daga yamma take busowa kusan duk shekara, babu wata babbar ƙasa da ta tare ta. Ita ta kawo jirgin daga kudancin Afirka zuwa Ostireliya. Wanda ya juya ya fuskance ta zai yi makonni yana kokawa bai ci nisa ba, wanda kuwa ya ba ta baya za ta tura shi har Cape Horn. Jirgin iska ba ya neman gajeruwar hanya, inda iska take yake nema, ko da za a ƙara mil dubbai. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu magana, sai dai wannan hanyar ba ta lafiya ba ce sosai, kamar yadda za a gani.

Kwana nawa ake yi?

Wanda ya iso cikin kwana 100 ya yi abin yabo. Mafi sauri a tarihin wannan dako shi ne jirgin Parma, da ya yi kwana 83 daga Port Victoria zuwa Falmouth ta Ingila a 1933. Kwana 120 ko 130 ba abin mamaki ba ne. Nisan ya kai kusan mil 15,000 na teku, kuma ba a tsayawa ko'ina a hanya.

Mutum nawa ne a ciki, kuma su wane ne?

Jirgi mai jiguna huɗu, mai filafilai kusan talatin, yakan tashi da mutum 25 zuwa 30 kacal. Akwai kyaftin da mataimakansa, sai kuku da mai kula da ɗakin ajiyar abinci, da kafinta, da maɗinkin filafilai, da mai kula da ɗan injin jan kaya. Sauran duk masu jan igiya ne, kuma mafi yawansu samari ne da ba su kai shekara ashirin ba.

Dalilin yawan samarin shi ne a Finlan da Jamus da wasu ƙasashen arewacin Turai, mai son takardar zama hafsan jirgi sai ya nuna ya yi aiki a jirgin iska. Saboda haka yara suke rububin gurbi, har baƙi daga wasu ƙasashe sukan biya Erikson fam 50 don a ɗauke su koyon aiki. Ka ji ciniki: kai za ka yi aikin, kai kuma za ka biya. Da yaren Suwidin ake ba da umarni, don shi ne harshen mutanen Åland, kuma sabon shiga, Bature ɗan Ingila ne ko ɗan Ostireliya, dole ya haddace sunayen ɗaruruwan igiyoyi da wannan yare, ya kuma san mazaunin kowace a cikin duhu.

Yaya ake barci?

A gutsure. Ana raba ma'aikata rukuni biyu, ɗaya ƙarƙashin mataimaki na farko, ɗaya ƙarƙashin na biyu, suna karɓa-karɓa dare da rana. A jiragen Ingila awa huɗu-huɗu ake yi, sai a tsaga na yamma gida biyu don kada rukuni ɗaya ya riƙa kwana a tsaye a lokaci guda kullum. A jiragen Finlan kashi biyar ake yi wa yini: sha biyun dare zuwa huɗu, huɗu zuwa takwas, takwas zuwa ɗaya na rana, ɗaya zuwa bakwai, bakwai zuwa sha biyu. Ana kaɗa ƙararrawa duk rabin awa.

A takarda ke nan. A aikace, cikin lokacin hutunka za ka ci abinci, ka ɗinke rigarka, ka busar da abin da zai bushe, kuma da zarar iska ta tsananta aka busa usur na kowa da kowa, babu sauran mai hutu. Mutum zai iya kwanciya minti ashirin a tashe shi ya hau jigo, ya sauko lokacin aikinsa ya zagayo. Ɗakin kwanan gadaje ne na katako hawa biyu, kowa da katifar ciyawa da akwatinsa. A yankin sanyi ruwa yakan shigo ɗakin ya yi ta kai da komo a ƙasa, akasari kuma da rigar ruwa da takalma ake kwanciya.

Dole ne kowa ya hau can sama?

Dole ne, in ban da kyaftin da kuku da irinsu. Jigunan sun haura mita 50 daga doron jirgi. Ana hawa ta tsanin igiya, a fita kan sandar ƙarfe da ke riƙe filafili, ƙafa a kan igiyar waya guda ɗaya, ciki a jingine da sandar, hannu biyu suna tattaro zanen da ya jiƙe ya yi nauyi, wani lokaci ya daskare. Babu ɗamarar tsaro. Tsofaffin ma'aikata sukan gaya wa yaro cewa hannu ɗaya na jirgi ne, ɗaya nasa, amma duk wanda ya taɓa naɗe filafili cikin hadari ya san hannu ɗaya ba ya isa. Farce yana tsagewa, tafin hannu ya dare, ruwan gishiri ya hana miki warkewa. Sau da yawa tun jirgi yana tasha ake tura sabon yaro ƙololuwa, don a san ko zai iya tun ba a yi nisa ba.

Abin mamaki, masu aikin da dama sun fi jin tsoron doron jirgi a kan sama. A sama aƙalla ruwa ba ya iske ka.

Me ake ci?

Abin da zai yi wata huɗu bai ruɓe ba, tunda babu firji: naman shanu da na alade da aka jiƙa cikin gishiri a ganga, busasshen kifi, wake, dankalin Turawa, shinkafa, man shafa burodi na gwangwani, da kofi. A tsofaffin jiragen Ingila akwai wani biskit mai taurin gaske da ƙwari suke shiga, sai an buga shi a tebur sun zubo kafin a ci. Jiragen Finlan sun ɗan fi, don kuku yana gasa burodi. Ana tafiya da aladu masu rai da kaji a keji, a riƙa yankawa jefi-jefi, musamman in an shiga sanyi inda nama zai jima.

Yunwa ta gaske ba ta cika kashe kowa ba a wannan zamanin, amma ƙoshi ma babu. Saurayi mai jan igiya awa goma sha biyu cikin sanyi ba ya ƙoshi da rabon da aka auna masa, kuma yawancin rigimar ɗakin kwana a kan abinci take: wa ya ɗebi babban yanki, wa ya taɓa sukarin wani. In hadari ya yi tsanani ruwa ya kashe wutar kicin, sai a wuni ba abin zafi. Shi ya sa ba a faɗa da kuku.

Ruwan sha fa, tunda na teku ba ya shawuwa?

A tankin ƙarfe ake ɗauko shi daga tasha, a kulle famfon, a riƙa aunawa sau ɗaya a rana a gaban hafsa. A jiragen Ingila rabon mutum bai wuce lita uku da ɗoriya ba, kuma a ciki kuku yake cire na girki da na shayi. Wanka da wanki sai dai da ruwan teku, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ko kuma a jira ruwan sama. In aka iso yankin ikwaita aka sami mamako, sai a toshe magudanan doron jirgi, kowa ya fito da bokiti da tsummokaransa, a cika ganguna, a yi wankan da aka yi wata biyu ana bashi.

Gaskiya ne akwai cutar da take zubar wa ma'aikatan jirgi haƙora?

Gaskiya ne, kuma a ƙarnonin baya ta fi hadari da yaƙi kisa. Cutar rashin bitamin C ce. In mutum ya yi wata biyu zuwa uku bai ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin tabo su buɗe, ƙarfi ya ƙare. A tafiyar George Anson ta zagaye duniya daga 1740 zuwa 1744 mutum fiye da dubu suka mutu, akasari da wannan cuta.

A 1747 wani likitan sojan ruwa, James Lind, ya ware marasa lafiya 12 ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda aka ba lemun zaƙi da lemun tsami su suka miƙe. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo a kai a kai, dokar 1867 kuma ta tsaurara shi a jiragen 'yan kasuwa. A zamanin dakon alkama cutar ta yi sauƙi saboda dankali da abincin gwangwani, sai dai wata cutar rashin abinci mai gina jiki, beriberi, mai kumbura ƙafa, ta addabi jiragen arewacin Turai tun kafin lokacin. Garin binciken ita wannan ne wasu likitocin Nowe biyu, Axel Holst da Theodor Frølich, suka gano a 1907 cewa ɓeran Masar ma yana kamuwa da cutar dasashin, abin da ya buɗe hanyar gano bitamin C ɗin kansa.

Akwai likita?

Babu. Kyaftin ne likita, da akwatin magani da littafin bayani. Shi yake ɗaurin karaya, ya ɗinke rauni, ya cire haƙori.

Me ya sa ake yawan ambaton Cape Horn?

Wurin yana wajen layi na 56 a kudu, kuma tsakaninsa da tsibiran da ke gaban Antatika akwai mashigi mai faɗin kusan kilomita 800. Duk iskar da raƙuman ruwan da suka zagayo duniya ba abin da ya tare su, nan suke matsuwa su wuce. Ga sanyi, ga hazo, ga tsaunukan ƙanƙara masu yawo a ruwa waɗanda ba a ganinsu da dare sai an zo dab.

Masu komawa gida sun fi sa'a domin iska tana bayansu. Masu nufar yamma su ne suke shan baƙar wuya: jirgin Jamus mai suna Susanna ya yi kwana 99 a 1905 yana neman zagaye wurin. Amma iskar baya ma da nata sharrin. Jirgin da aka cika da alkama yana nutsewa sosai, doronsa bai fi 'yan ƙafafu daga ruwa ba, don haka igiyar ruwa takan hau ta cika shi har ƙirjin mutum. Ana ɗaura igiyoyin kamawa daga gaba zuwa baya, a kafa raga a gefe don ta tare wanda ruwa ya kwasa. Mutum biyu ake sa wa a sitiyari, wani lokaci a ɗaure su, a kuma hana su waiwaye, don wanda ya ga tudun ruwan da ke biye da shi zai iya sakin sitiyarin, in kuwa jirgin ya juya ya ba ruwa gefe, an gama. Tun kafin a shiga yankin ake sauke tsofaffin filafilai a ɗaura mafi ƙarfi, a sake lulluɓe bakin rumbunan kaya da tamfol da katako.

A 1938 jirgin koyon aiki na Jamus, Admiral Karpfanger, ya taso daga Port Germein da alkama da mutum 60. An ji shi ta rediyo a watan Maris, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

In mutum ya faɗa teku, ko ya mutu a jirgi?

In yanayi da sauƙi, a jefa masa abin kamawa, a tsayar da jirgi, a saukar da kwalekwale. A tekun kudu cikin hadari kuwa ba a iya juya jirgi mai gudu da tan dubbai, kwalekwale ba zai rayu ba, sanyin ruwan ma ba ya barin mutum ya jima. Kyaftin yakan zaɓi ci gaba da tafiya don kada a rasa mutum shida garin neman ɗaya, kowa kuma ya san haka tun kafin ya hau.

Wanda ya mutu a ciki, maɗinkin filafilai ne yake ɗinke shi cikin zane mai kauri da ƙarfe a ƙafa, kyaftin ya karanta addu'a, a zura shi teku. A jiragen Ingila akwai al'adar yin gwanjon kayan mamaci a tsakanin abokan aikinsa, su riƙa saye da tsada da gangan don kuɗin ya isa ga iyalinsa.

Ba tauraron ɗan'adam, ba waya. Yaya suke sanin inda suke?

Da rana da agogo da lissafi. Da tsakar rana kyaftin da mataimakansa suna auna tsayin rana daga gefen sama da wata na'urar madubi, wannan ya gaya musu nisansu kudu ko arewa. Gabas da yamma kuma agogo ne: jirgi yana ɗauke da agogo na musamman da ke riƙe da lokacin Greenwich da ke Landan, a gwada shi da lokacin wurin da ake. Bambancin awa ɗaya daidai yake da digiri 15. Samar da agogon da zai jure girgiza da zafi da sanyi ya ci wa John Harrison shekaru masu yawa, bayan majalisar Ingila ta sa ladan fam 20,000 a 1714 ga wanda ya warware matsalar.

In gajimare ya rufe rana, kuma a kudu yakan yi kwanaki a rufe, sai a koma ƙiyasi: kamfas ya nuna alƙibla, a auna gudu, a lissafa awoyi. Tsohuwar hanyar auna gudu ita ce a jefa katako ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, a ƙirga ƙulli nawa suka zare kafin yashin ƙaramin gilashi na daƙiƙa 28 ya tsiyaye. Ƙulli ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, wato mita 1,852. Manyan jiragen sukan kai ƙulli 15 in iska ta yi kyau, amma in aka haɗa tafiyar duka bai fi shida ko bakwai ba. Wani abin ban sha'awa kuma, da yake gabas suke nufa, in sun ƙetare layi na 180, inda kwanan wata yake sauyawa a tsakiyar Tekun Fasifik, sai su maimaita rana ɗaya: a kwana Talata a tashi Talata.

Shin akwai wani daɗi a tafiyar kuwa?

Akwai, kuma yana zuwa ne bayan an zagaye Cape Horn an hau arewa. Sanyi ya ragu, a fito da katifu da tufafi a shanya, miki ya fara warkewa. In aka shiga yankin iskar da ke busowa daga kudu maso gabas ba yankewa, jirgi yakan yi kwanaki ba a taɓa igiya ba. Ana kwana a fili, kifi mai tashi yana faɗowa cikin jirgi da dare a soya shi da safe, a kama kifin shak, mai akodiyon ya fito da abinsa, wasu su zauna sassaƙa ƙananan jirage suna zurawa a kwalba. Wanda bai taɓa ƙetare ikwaita ba akan yi masa wasan shiga sahu, a shafe shi da kwalta a tsoma shi a ruwa, kodayake yawanci tun a tafiyar zuwa ake gama wannan.

Kada dai a ɗauka hutu ne. Hafsoshi ba sa son ganin hannu a sake, kuma kyaftin yana son ya shiga tasha da jirgi yana ƙyalli. Nan ake kankare tsatsa da guduma, a goge katako da dutse da yashi, a yi fenti daga ƙololuwa har ƙasa. A nan kuma ake mayar da tsofaffin filafilai don rana da gogayya kada su cinye sababbi, in an kusa Turai a sake canzawa. Sau da yawa ke nan a tafiya ɗaya ana sauke zane talatin masu nauyi ana ɗaura wasu.

In iska ta ɗauke gaba ɗaya fa?

Sai jira. Kusa da ikwaita akwai yankin da iska take mutuwa, teku ya kwanta, zafi ya narkar da kwaltar da ke tsakanin katakai. Ma'aikata sun fi ƙin nan a kan hadari, domin duk ɗan hucin da ya taso daga wani gefe sai an juya sandunan filafilai duka don a kama shi, kafin a gama ya mutu ko ya koma wani gefen. Wani jirgin ya fita cikin kwana uku, wani ya yi mako biyu.

Mata suna shiga?

Kaɗan. Wasu kyaftin suna tafiya da matansu, kuma a shekarun 1930 jiragen Erikson sun riƙa ɗaukar 'yan fasinjoji, har da mata.

Akwai Musulmi ko 'yan Afirka a irin wannan aiki?

A jiragen alkama ba su da yawa, kuma hanyar ma can tsakiyar Atilantika take bi, nesa da gaɓar Afirka ta Yamma. Amma a sauran jiragen Ingila, musamman masu zuwa Indiya, an daɗe ana ɗaukar Musulmi daga Bengal da Yaman da Somaliya, suna da shugabansu da kukunsu da abincinsu dabam. A gaɓar Afirka ta Yamma kuma mutanen Kru na Laberiya sun yi suna a aikin jirgi. Larabawan Kuwait da Oman suna da tasu doguwar tafiyar ta iska: su gangara Zanzibar da dabino a kan iskar arewa maso gabas, su jira ta juya wajen Afrilu, su koma gida da itacen rufin ɗaki. Alhazanmu na da masu bin ƙasa ta Sudan, da yawansu a ƙananan jiragen iska suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda.

Suna samun labarin gida a hanya?

Yawancin jiragen Erikson ba su da na'urar aika saƙo. In an yi sa'ar haɗuwa da jirgin tururi, sai a ɗaga tutocin alama a roƙe shi ya ba da rahoton cewa ya gan su lafiya. Iyali a Åland ba su da abin dubawa sai shafin jiragen ruwa na jarida. Wasiƙu suna can tasha suna jira, mutum ya iso ya tarar da labarin haihuwa da na rasuwa a ƙunshi ɗaya.

Yaya isowa take?

Kwanaki kafin a ga ƙasa alamu suke fara nunawa: launin ruwa ya sauya, jiragen kamun kifi su bayyana, a jefa darma a auna zurfi. Wani zumuɗi yakan kama kowa, barci ya ƙaurace, waɗanda suka yi wata uku ba sa magana da juna su shirya.

Sai dai ganin Ingila ba isa gida ba ne. Jirgin yana zuwa Falmouth ne, ko Queenstown a Ailan, don karɓar umarni kawai, domin alkamar takan sauya hannu tana cikin teku, kyaftin bai san wa ya saye ta ba sai ya iso. Daga nan a ce masa ya wuce Landan ko Glasgow ko Ipswich ko wata tashar. Wannan guntun ragowar tafiyar, kusa da duwatsu da hazo da cunkoson jirage, yana da nasa haɗarin. A 1936 Herzogin Cecilie, jirgin da Erikson ya fi ji da shi, ya iso Falmouth cikin kwana 86, aka tura shi Ipswich, ya daki dutse cikin hazo a gaɓar Devon ranar 25 ga Afrilu. Mutanen sun tsira, jirgin bai ƙara tafiya ba.

Bayan an sauke kaya ake sallamar wasu, a cire bashin taba da sabulu da tufafin da suka ɗauka a kantin kyaftin, abin da ya rage ba ya taka kara ya karya. 'Yan Åland kuma su ƙarasa da jirgin Mariehamn, su yi 'yan makonnin bazara a gida, Satumba ta zagayo.

Yaushe aka daina, kuma akwai jiragen da suka rage?

A 1939 jirage 13 suka yi lodi, Moshulu ya riga kowa da kwana 91. Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa sauran, Erikson ya rasu a 1947. A 1949 jirage biyu kawai suka ɗauko alkama daga Port Victoria, Passat da Pamir, kuma Pamir ne jirgin dakon kaya marar inji na ƙarshe da ya zagaye Cape Horn, ranar 11 ga Yuli na shekarar. Daga baya Jamusawa suka saye su suka sa musu inji suna koyar da ɗalibai. Ranar 21 ga Satumba 1957 guguwa ta iske Pamir a Atilantika yana dawowa daga Buenos Aires da sha'ir da aka zuba ba a buhu ba. Hatsin ya gangara gefe ɗaya, jirgin ya kife, mutum shida kaɗai suka tsira cikin 86.

Passat yana Travemünde a Jamus, Pommern yana Mariehamn, an mai da su gidajen tarihi da ake shiga a ga ɗakin kwana da kicin da sitiyari. Viking yana Gothenburg a Suwidin, Moshulu kuma ya zama gidan cin abinci a bakin ruwa a Philadelphia ta Amurka.